Yadda na gano abin da ke sa sarƙar kekena tsalle

Kekena na gwanjo ne, irin masu giya 21 ɗin nan: faranti uku a gaba, jerin haƙora bakwai a wilin baya. Na saye shi ne bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, babur ɗina ya koma sai ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Tun daga nan keken ke kai ni aiki daga unguwarmu ta bayan Ƙofar Ƙaura zuwa cikin gari, shi ke ɗauko cefane, ran da famfo ya ƙi kawo ruwa kuma shi ke ɗaukar jarka biyu a kariya. Da sarƙarsa ta asali ya iso Katsina daga ƙasar da aka kwaso shi, ita na ci gaba da takawa.

Abin ya fara ne jefi-jefi. In ina tafiya a miƙe, ƙafa na juyawa a hankali, lafiya lau. Amma da zarar na danna da ƙarfi, ko wajen tashi daga tsaye a shataletale, ko wajen fitowa daga gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura inda hanya ke ɗan hawa, ko in taya ta nutse a rairayin lungunmu, sai in ji ƙas! Feda ta zurma ƙasa, ƙafa ta bi ta, sannan ta sake kamawa. In na leƙa sai in ga sarƙa tana nan inda take, ba ta faɗi ba, giya ba ta canza ba. Wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. To in kana tsaye kan feda lokacin da ta yi maka haka, kan ƙarfen tsakiya za ka sauka, ga 'yan acaɓa da masu Napep a bayanka ba wanda zai jira ka gyara zama.

Duk wanda na faɗa wa a wurin aiki amsa ɗaya yake ba ni: sarƙa ce ta saki, a cire mata gaɓa ɗaya. Wannan shawara ba daga sama ta faɗo ba. Mu da muka tashi muna kwance Raleigh ɗin iyayenmu mun san sarƙar da ta yi lakab-lakab faɗuwa take yi, kuma maganinta a ja wili baya ko a rage tsawonta. Sai dai wancan keke ne mai giya ɗaya. Keke mai giya da yawa yana da ƙarfen canjin giya a baya, mai 'yan wili biyu ƙanana da sifirin a ciki, aikinsa ke nan ya riƙa janye duk abin da sarƙa ta saki. Ka cire gaɓa a nan ba abin da ka gyara, ƙila ma ka jawo wa kanka karyewar ƙarfen giyar ran da ka haɗa babban faranti da babban haƙori sarƙa ta gaza. Shi ya sa na ce kafin in kai wa kowa, bari in bi abin da kaina tukuna.

Ran Asabar da safe na ɗaura igiya a reshen bedin ƙofar gida na rataye keken ta sirdi, wilin baya na lilo. Na juya feda da hannu, na bi giyoyin duka, komai sumul. Wannan shi ne abin haushin wannan matsala: a rataye ba ta nuna kanta, domin hannu ba ya ba sarƙa nauyin da ƙafa ke ba ta. Dole sai ka bi ta bayan gida, kana cire abin da ba shi ba ne.

Na fara da gaɓar da ta ƙage, don ita ce mafi sauƙin gani kuma gyaranta kyauta ne. Ana juya feda baya a hankali, ido na kan 'yan wilin nan biyu. Wurin matsattse ne, sarƙa na lanƙwasa sosai, saboda haka gaɓar da ba ta motsi sai ka ga ta sa ƙarfen giya ya yi ɗan zillo duk sa'ad da ta zo wucewa. Akwai kuma wata shaida da ƙafa ke bayarwa tun kana kan hanya. Sarƙar irin wannan keke tana da gaɓoɓi ɗari da 'yan kai, farantin tsakiya da nake yawan hawa kuma haƙoransa 38, ke nan sarƙa na zagayowa sau ɗaya a kusan kowane juyin feda uku. Da gaɓa ɗaya ce ke da laifi, da tsallen zai riƙa zuwa a kan ƙa'ida, uku-uku, ko ka danna ko ba ka danna ba. Nawa ba lissafi yake bi ba, ƙarfin ƙafa yake bi.

Duk da haka na wanke ta, don datti kan ɓoye abubuwa. Na zuba kananzir a gwangwanin madara, na sa tsohon buroshin haƙori na bi ta gaɓa-gaɓa. Da na gama na bar gwangwanin ya kwanta, na tsiyaye saman. Abin da ya rage a gindi baƙin laka ne, na murza shi tsakanin yatsu biyu na ji yashi ƙuru-ƙuru, na ɗaga a rana na ga yana ɗan walƙiya. Walƙiyar nan ba yashi ba ce, garin ƙarfen sarƙar ne. Masu ba da iska a bakin titi suna da wata kyauta da suke yi wa mai keke, su tsoma tsinke a baƙin mai su shafa wa sarƙa, kai kuma ka yi godiya. Baƙin mai da ƙurar hunturun Katsina in suka haɗu a cikin gaɓa, aikin da toka da yashi ke yi wa gindin tukunya shi suke yi wa ƙarfe, dare da rana.

Saitin giya bai ɗauke ni lokaci ba. Na tsuguna a bayan keken na saita ido: sarƙa na sauka daga haƙori zuwa 'yan wilin a miƙe, ƙarfen giya bai karkata ciki ba, alamar ɗan ƙarfen da ya rataye shi a jikin firam bai lanƙwashe ba. In saiti ne ya goce, sarƙa kan yi ta ƙeƙe-ƙeƙe tana neman hawa haƙorin maƙwabci, kuma in ta yi tsalle za ka ji nauyin feda ya canza don ta koma wata giya. Tawa shiru take, kuma bayan tsalle nauyin bai canzawa. Sai cikin firiwil, wato jerin haƙoran nan na wilin baya. A can ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe da ke kama wili in ka taka gaba, su sake shi in ka daina, su ne ke wannan tik-tik-tik in keke na gangara. In tsohon giris ya daskare ya manne su, musamman da sanyin asuba, feda kan yi juyin banza gaba ɗaya, ba ƙara, ba kamawa. Na juya wili na kasa kunne, ƙarar tana fita tar, na tura feda gaba ta kama nan take. Ba su ba ne.

Saura awo. Na nemi tef ɗin ɗinkin uwargida, ta ce wannan ai shi ma ya miƙe, ita ce kawai ta san yadda take rage masa. Na aro na ƙarfe wurin maƙwabcina kafinta. Sarƙar keke, ko ta Raleigh ce ko ta Phoenix ko ta keken tsere, awonta ɗaya a tsawo: daga tsakiyar fil, wato 'yar ƙusar da ke haɗa gaɓa da gaɓa, zuwa tsakiyar na gaba rabin inci ne cif, wato milimita 12.7. Ke nan in ka ɗora farkon tef a tsakiyar fil ɗaya ka ƙirga 24 gaba, ya kamata na 24 ya faɗa daidai kan inci 12. In ya wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canza sarƙa ya yi, kuma galibi haƙora sun tsira. In ya kai kashi ɗaya cikin 8, milimita uku da ɗoriya, to ta riga ta ci haƙoran baya. Na sauke keken ƙasa, na sa babban ɗana ya riƙe birki ya ɗora ƙafa kan feda don sarƙa ta miƙe sosai, na auna. Fil ɗin ya wuce layin 12, ya wuce ɗan layin farko, ya zauna a kan na kashi ɗaya cikin 8 har ya ɗan leƙa gaba. Na sake aunawa a wani ɓangare na sarƙar, haka dai.

Ba wai ƙarfen ne ya miƙe ba. Kowane fil ne ya ɗan cinye, ramin da yake ciki ya ɗan faɗaɗa, abin da ido ba zai gani a gaɓa ɗaya ba, amma in aka tara na gaɓoɓi 24 sai ya fito a tef. Sarƙar da gaɓoɓinta suka yi nisa da juna ba ta zama a gindin haƙori, sama-sama take hawa, kuma maimakon haƙora bakwai ko takwas su raba nauyi, sai ɗaya ko biyu su ɗauke shi duka. Haka take ta sassaƙe su har ranar da ƙafa za ta danna, ta rasa abin kamawa, ta haye kan haƙori ta faɗa ramin gaba. Ƙas ɗin da nake ji ke nan.

Da na goge firiwil na duba da kyau, labarin na rubuce a jiki. Jerin nawa daga 14 ya fara, sai 16, 18, 20, 22, 24, ya ƙare a 28. Na 28 da na 24, da ba kasafai nake hawa ba tunda garinmu ba tudu, ramukan tsakanin haƙoransu zagayayyu ne tsaf. Na 16 da na 18 kuwa, inda nake wuni, ramukan sun buɗe, gefe ɗaya ya ƙwaƙule, kawunan sun yi siriri. A nan sai mutum ya yi hattara, domin haƙoran keke mai giya da gangan ake ƙera wasu gajeru, wasu a ɗan murɗe, don sarƙa ta samu hanyar hawa. Wanda bai sani ba zai ce sun karye. Ramin ake kallo, kuma a kwatanta wanda ake yawan hawa da wanda ba a hawa. Na hau keken na tabbatar: a kan 24 na miƙe tsaye na danna iya ƙarfina, ko gezau. Na sauko 16 na danna, ƙas.

Cire firiwil ba aikin gida ba ne ga wanda ba shi da kayan aiki, sai na tura keken wurin wani dattijo mai gyara da ke zama a kan hanyar Ƙofar Marusa. Na iske shi yana ɗaure wayoyin wani wili, yaronsa na faci.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa Malam, sannu. Ya iyali? Me ya samu dokin?"

Na ce sarƙa ke tsalle. Bai tashi ba, ya ce, "In ka danna take yi, ko ko yaushe?" Na ce sai na danna. "A kowace giya?" Na ce a ƙananan haƙora biyu. Ya miƙo hannu ya kama sarƙar a goshin babban faranti, ta gaba, ya ja. Ta ɗago har haske ya bayyana tsakaninta da haƙora. Ya sake ta, ya goge yatsa a tsumma. Abin da ya ci mani safiya guda da tef da lissafi, shi tambaya biyu da yatsa biyu ya ishe shi.

"Ta gama aiki. Kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba, da firiwil ɗin. Tare suka tsufa."

Na ce a fara gwada sabuwar sarƙa a kan tsohon tukuna, ko Allah zai sa ya ɗauka, tunda kuɗin firiwil ya fi na sarƙa. Ya yi dariya ya ce ba laifi, gani ya kori ji, amma in sayo duka biyun don kada in yi sawu biyu, in bai buƙata ba mai kaya zai karɓa. Kafin in tafi ya juya haƙoran baya da yatsa yana kallon tsakiyarsu. Ya nuna mani wani zobe mai tsagi a can ciki da ya tsaya cak alhali haƙora na juyawa. Wannan, in ji shi, shi ne shaidar mai murɗawa ne a jikin wili. Akwai wani iri da ake zura haƙoran a kulle su da zobe daga waje, shi zoben nasa tare yake juyawa da haƙora, kuma ɗaya ba ya shiga wurin ɗaya. Ya ce in ce mai murɗawa, jeri bakwai, 14 zuwa 28.

A Babbar Kasuwa abin da mai kaya ya fara miƙo mani sarƙa ce mai kauri, irin ta Phoenix, don ita aka fi tambaya. Tsawon gaɓa ɗaya ne, amma faɗi ya bambanta: ta keke mai giya ɗaya faɗin cikinta kashi ɗaya cikin 8 na inci ne, ta mai jeri shida zuwa takwas kuma 3/32, ta fi siriri don ta shiga tsakanin haƙoran da ke maƙwabtaka. Mai kaurin in ka sa ta a nawa gogar maƙwabta za ta yi ta yi. Ya shiga ciki ya lalubo mai rubutun 6/7/8 a kwali, gaɓoɓi 116. Sunan da ke jikin kwali a kasuwanninmu ba shaida ba ne, sai na zaro ta na lanƙwasa gefe da gefe in ji ko tana da wasa da yawa, na duba kawunan fil ko an daddaƙe su daidai. Firiwil kuma na juya shi a kunne, na girgiza in ji ko yana kaɗawa.

Da na dawo na tarar da wani bawan Allah daga ƙauye ya kawo Phoenix, buhu biyu ɗaure a kariya, sarƙa na faɗo masa. Baba ya sassauta notocin wili, ya ɗaure 'yan majanya biyun da ke ƙarshen firam kaɗan-kaɗan, dama da hagu, yana duban taya ta zauna a tsakiya, har wasan sarƙa sama da ƙasa ya dawo kimanin rabin inci. Ya ɗaure, mutumin ya biya ya hau. Ko minti goma ba a yi ba. Baba ya bi shi da kallo ya ce mani, "Ka ga keke. Naku na 'yan boko giya ashirin da ɗaya, a biyu kuke yawo." Ban yi musu ba. Ya ƙara da cewa Raleigh na da, wanda har a Kano aka riƙa haɗawa, sarƙarsa a cikin cankes take rufe ruf, ƙura ba ta ganinta, mutum zai yi shekaru bai taɓa ta ba. Gaskiyarsa ne. Sai dai ran da iskar hunturu ta tare ka a gaba a hanyar Dutsinma, za ka so a ce kana da haƙorin da za ka sauka.

Ya cire tsohuwar sarƙar da ɗan abin tura fil, mai hannu ana murɗawa. Yaron ya ce da ƙusa da guduma a kan noti ai ya fi sauri, Baba ya ce wannan sai sarƙar Phoenix, siririya in ka buga ta faifanta buɗewa yake yi, ranar da za ta tsinke kuma ba sallama. Ya shimfiɗa tsohuwa da sabuwa a ƙasa gefe da gefe, ya daidaita kawunansu. A farko fil na kallon fil. Zuwa tsakiya sun fara saɓawa, zuwa ƙarshe tsohuwar ta tsere wa sabuwar da fiye da rabin inci, gaɓa guda cur, alhali adadinsu ɗaya. Shi ya sa ba a yanka sabuwa da tsawon tsohuwa. Yadda ya yi shi ne ya naɗa sabuwar a babban faranti na gaba da babban haƙori na baya, ba tare da ta bi ta ƙarfen giya ba, ya ja kawunan suka haɗu, ya ƙara gaɓa biyu, inci guda ke nan, ya yanke a nan. Sannan ya zura ta cikin 'yan wilin, yana lura kada ta bi ta bayan ɗan harshen da ke tsakaninsu, ya haɗa ya tura fil har kansa ya fito daidai da 'yan uwansa ta kowane gefe. Wurin haɗin ya ƙage, kamar yadda yakan yi. Ya kama shi da manyan yatsu biyu ya ɗan lanƙwasa gefe da gefe, ya saki.

"To bismilla, Malam. Je ka gwada tsohon naka."

Ko ƙarshen layin ban kai ba. Da can sai na danna da ƙarfi take tsalle, yanzu kuwa a kan 16 da 18 ko tashi ba na iya yi, ƙas-ƙas-ƙas a jere. A kan 24 da 28 kuwa shiru, daɗi ma. Tsohuwar sarƙa ita ta sassaƙa ramukan nan daidai jikinta, shi ya sa take ɗan samun wurin zama. Sabuwa mai gajerun gaɓoɓi ba ta san su ba, kan haƙoran kawai take bi. Na juyo ina tura keken, Baba bai ce komai ba, ya riga ya ɗauko sifana.

Firiwil murɗa shi ake yi a jikin wili, kuma duk takun feda ƙara ɗaure shi yake yi, saboda haka wanda ya shekara da shekaru ba ya fita da lallashi. Akwai makulli na musamman mai tsagi da ke shiga cikinsa, amma na Baba bakinsa ya cinye, yana sulluɓewa. Ya ce tunda wannan na bola ne, ta ciki za mu bi. A fuskar firiwil akwai wani faifai mai 'yan ramuka biyu. Ya kafa dakusasshiyar ƙusa a rami ɗaya ya riƙa bugawa da guduma, amma ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, domin shi wannan faifan zarensa a juye yake. Ya motsa, ya kwance, Baba ya sa yaron ya tara faranti a ƙasa sannan ya ɗaga jerin haƙoran gaba ɗaya. Boris ƙanana suka zubo yar-yar-yar, wasu a faranti wasu cikin ƙasa, yaron na bi yana tsincewa don ba a zubar da su a wannan shago. Abin da ya rage a jikin wili ɗan dunƙulen ƙarfe ne, ga 'yan harsunan nan biyu a kwance a gefensa, wata siririyar waya ta zagaye su tana ɗaga su. Na danna ɗaya da farce ya kwanta, na saki ya tashi. Duk nauyin mutum da kayansa a kan waɗannan 'yan abubuwa yake, ko tsawon farcen babban yatsa ba su kai ba. Muka ɗauki wilin zuwa wurin mai walda na kusa, aka matse dunƙulen a mamatsin bencinsa, Baba da yaron suka kama taya hannu bibbiyu suka juya ta hagu. Sai da suka yi nishi sannan ya yi ƙara ya saki.

Sa sabon ba wuya, amma nan ne ake ɓata wili. Ya goge zaren tas, ya shafa giris, ya ɗora firiwil ya fara murɗawa da yatsu kawai. Zaren siriri ne, cibiyar wilin kuma ta alminiyam ce mai taushi, in ya hau a karkace aka tilasta shi, wilin ya tashi aiki. Ya ce in ka ji ya yi tauri tun juyin farko, koma baya ka sake. Da ya tafi sumul har ƙarshe ya bar shi haka, ya ce ƙafata za ta ƙarasa ɗaurewa. Haka kuwa aka yi, takun farko na ji feda ta ɗan tafi sannan ta tsaya daram.

Sabon bai zauna daidai inda tsohon yake ba, ya ɗan matsa, sai da aka sake saiti. A jikin ƙarfen giya akwai sukurori biyu masu alamar H da L. Na H ke hana sarƙa wuce ƙaramin haƙori ta faɗa tsakaninsa da firam, na L ke hana ta wuce babba ta shiga wayoyin wili, wanda shi ne mafi muni. Su iyaka kawai suke tsarewa, ba su ke saita giyoyin tsakiya ba, ko da yake su ne abin da kowa ke fara murɗawa. Saitin yana wurin ɗan notin da wayar giya ta shiga. In sarƙa na jinkirin hawa babban haƙori, a warware shi kaɗan waya ta ƙara tsauri, in tana jinkirin saukowa a mayar da shi ciki. Kwata-kwatan juyi Baba yake yi, yaron na ɗage wili yana juya feda, shi yana sauraro da kai a sunkuye, har ƙeƙe-ƙeƙen ya ɗauke a duka bakwai ɗin. Na hau, na sa 16, na miƙe tsaye na danna har taya ta tono ƙasa. Ta riƙe. Na nemi rairayi da gangan na shiga, ta riƙe.

Inda muka saɓa da Baba wajen mai ne. Ina dawowa na ga yaron ya tsoma tsinke a gwangwanin baƙin mai yana jira. Na ce a bar ta, maiƙon da ta zo da shi daga kamfani ya isa na yanzu. Baba ya ce shekara nawa yana sa wa mutane ba wanda ya dawo da ƙara. Na ce ai dawowa suke yi, sayen sarƙa. Ya yi dariya ya ce to ka ga ciniki ke nan. Baƙin mai ya riga ya gama aiki a inji, ɗauke yake da garin ƙarfe da ƙunar fetur, ga danƙo mai kama ƙura. Abin da nake yi yanzu shi ne sabon man inji, ɗigo ɗaya a kan kowane zobe ta cikin sarƙa, in juya feda baya ya ratsa, sannan in kama ta da tsumma in goge wajen har ya bushe. Man da ke aiki yana can ciki tsakanin fil da raminsa, na waje ƙura kawai yake kira. Da hunturu nakan goge ta da busasshen tsumma duk ƙarshen mako, da damina kuma duk ran da ruwa ya doke ni.

Bayan 'yan kwanaki giya ta fara jinkirin hawa daga 18 zuwa 20, na warware ɗan notin kwata guda ya daidaita. Farantan gaba ba mu taɓa su ba. Na ƙarfe ne, kuma haƙoransu da yawa, a juyin feda ɗaya haƙorin faranti sau ɗaya yake haɗuwa da sarƙa alhali na 16 a baya ya haɗu da ita fiye da sau biyu, shi ya sa suke jimawa. Amma na tsakiyan ya fara tsini a wuraren da ƙafa ta fi dannawa. Irin nawa kuma farantan uku a haɗe suke wuri guda, ba a cire ɗaya a bar biyu, in lokacin ya yi sai dai a sayi duka har da hannun feda. Baba ya duba ya ce zai kai ƙarshen wannan sarƙar, ƙila har ta bayanta, in dai ban bar ta ta wuce awo ba.